Kuɗin Jana'iza a Kan Hanya

Maigidana ba ɓarawo ba ne, kuma ba sakarai ba ne. Akanta ne a wata jami'a a nan New York, irin mutanen nan da ba sa iya ganin kwabo a zaune ba ya aiki. Shi ya sa 'yan ƙungiyarmu ta unguwar Morris Heights suka damƙa masa ajiyar kuɗin jana'iza. Ƙungiyar ba wata babba ba ce: mu 'yan Najeriya, da 'yan Nijar masu shaguna da tebura, da wasu 'yan Ghana. Kowane wata kowa ya kawo abin da aka yanka masa, domin a garin nan mutuwa ma tsada gare ta. Kabari saye ake yi, a can New Jersey, kuma ba a sa shebur a ƙasa sai an biya.

Da kuɗin suka taru, maigidana ya ce zunubi ne a bar su kwance a banki. Dattawa suka tambayi malami, aka yarda ya zuba su a hannun jarin da ba ruwa a ciki, a wani kamfanin zuba jari, da sunansa. Shekaru aka yi haka lafiya. In an yi rasuwa ya sayar da kaɗan ya biya, masu kula da gawa kuma sun san shi, sukan ɗan jira shi.

Sai aka shigo da zancen bonas. Kamfanonin nan suna fafutukar ƙwace wa juna mutane: ka kwaso jarinka daga can ka kawo mana, mu ba ka tukuici. Wata rana ina tsaye ina tuƙa tuwo, ƙafafuna na zogi don daga wurin aikina a asibiti na dawo, ya shigo kicin da waya a hannu yana murmushi.

"Hajiya, saurara ki ji. Sabon kamfanin zai ba mu tukuicin sauya sheƙa. Kuɗin fita da tsohon zai caje mu, su za su biya. In na gayyato ki kika kawo naki asusun, ni a ba ni, ke a ba ki. In kuma na haɗa ajiyarmu ta gida da ta ƙungiya, mun hau mataki na sama, bonas ɗin ya ninka."

Na ce, "Malam, duka a lokaci ɗaya?"

"Ƙarshen wata garaɓasar za ta ƙare."

"To, kuɗin suna ina yayin da ake kwashe su?"

Ya ce suna kan hanya. Mako guda ne, ko ya ɗan ɗara. Na ce mutuwa fa ba ta duba kalanda. Ya yi dariya ya ce ni dai bakina ba ya faɗin alheri, ribar ma ai ƙungiya za ta ci. Gaskiya ne, ko kwabo bai yi niyyar sa wa a aljihunsa ba. Na sa hannu a nawa, na koma kan tuwona.

Ranar wata Alhamis da safe, makon bai ko cika ba, aka bugo. Baba mai huluna ya rasu a asibiti. Dattijo ne ɗan Maraɗi, ya fi kowa daɗewa a ƙungiyar, yana da tebur a bakin tashar jirgin ƙasa inda yake sayar da huluna da safar hannu in sanyi ya zo, tabarau in zafi ya shigo. Bai taɓa bari wata ya wuce bai kawo nasa ba, da hannunsa, a naɗe cikin leda. Matarsa kuwa, da muke kira Inna, ita ta yi mini wankan jego a ƙasar da ba ni da kowa.

Nan take dattawa suka tsara: a yi masa salla gobe bayan Juma'a, a wuce da shi makwancinsa. Inna ta ce ba abin da take so a duniya sai wannan, ya samu sallar jama'ar Juma'a. Mai gidan kula da gawa, wani Balarabe mai mutunci, ya ce ba matsala, amma maƙabarta ta canja doka. Sai an biya kuɗin kabari gaba ɗaya yau, kafin su rufe ofis da yamma, sannan su haƙa gobe.

Na juya na dubi maigidana. Ya buɗe tsohon asusun a waya, babu komai. Ya buɗe sabon, shi ma babu komai.

"Suna ina?"

"Suna kan hanya."

Ya kira tsohon kamfanin, suka ce sun riga sun sake su. Ya kira sabon, aka bar shi da kiɗa a kunne har shayinsa ya huce, sannan wata yarinya mai zaƙin murya ta ce tana ba shi haƙuri ƙwarai, kayan ba su sauka ba, in sun sauka ma sai an sayar, sai kuɗin sun kwanta. Ya ce mata gawa ce a ƙasa. Ta sake ba shi haƙuri.

Na ce, "To ciro daga namu, in ya so ka mayar."

Sai a lokacin na tuna namu ma yana cikin tafiyar, har da wanda na sa wa hannu ina tuƙa tuwo. Abin da ya rage a banki na haya ne da cefane, katin bashi kuma kuɗin makarantar babbar 'yarmu ya riga ya cinye shi.

Ban san sanda na fara faɗa ba. Na ce masa wayon banza ke nan, ka tattara na rai da na mutuwa ka ɗora a mota ɗaya saboda tukuici! Na ce tashi ka je ka gaya wa dattawa, kafin azahar direbobin tasi kaɗai sun haɗa kuɗin nan. Ya ce in ya faɗa ƙungiyar ta watse, ba wanda zai ƙara yarda da ajiya, kuma za a ce an yi wa Baba karo-karo kamar wanda bai tanadi komai ba. Ya zauna ya haɗa kai da gwiwa. Ban taɓa ganinsa haka ba, kuma ban tausaya masa ba a lokacin.

Na shiga ɗaki na jawo akwatin gwal ɗina. Sarƙar aurena, da warwaron da na saya a Makka, da 'yan kunnen mahaifiyata. Na zuba a jaka na hau jirgin ƙasa zuwa Fordham, wajen masu sayen zinariya. Shi kuma ya bi abokan aikinsa biyu da ba 'yan ƙungiya ba yana neman rance.

Na farko da na shiga ya ga idona ja, ya yi mini tayin wulaƙanci. Na kwashe kayana na fita ina zage-zage da Hausa. Na biyu ya ɗora a sikeli, ya goga, ya sake gogawa, ya shiga ciki ya daɗe, ni kuwa idona na kan agogon bango. Ya fito ya faɗi kuɗin da ya fi na farko da kaɗan. Na ce kawo. Ban ko tsaya kallon 'yan kunnen ba.

Muka haɗu a bakin banki, muka haɗa nawa da nasa, ya isa da ƙyar. Layi ya yi tsawo. Da muka kai gaba aka ce lokacin tura kuɗi na ranar ya wuce, sai dai mu kai da hannu. Muka tari tasi. A bakin gadar da ake haye wa New Jersey motoci suka tsaya cik, ba gaba ba baya. Maigidana yana ta kiran ofishin maƙabartar, yana roƙo su jira, har aka daina ɗauka. Da muka isa ƙofar a kulle take, ba kowa sai mai gadi, ya ce mu dawo da safe.

Da safe muka biya. Suka ce masu haƙa sun riga sun cika aikin ranar, sai Asabar.

Aka idar da Juma'a, masallaci cike har kan matakala, Baba yana kwance cikin firij a wani gini a can Brooklyn. Maigidana ya miƙe ya sanar cewa an samu tsaiko wajen maƙabarta. Ba ƙarya ya yi ba, kuma ba wanda ya tambaya, kowa ya san abin Turawa da ƙa'ida. Ranar Asabar masu tasi suna kan titi, masu tebura suna kan teburansu. Sahu biyu aka yi masa, na biyun ma bai cika ba.

Ranar addu'ar uku muka je gidan Inna. Tana zaune a ƙasa cikin falo, ta rufa da mayafi, carbi a hannu. Maigidana ya durƙusa daga bakin ƙofa ya yi gaisuwa, yana shirin tashi ta tsayar da shi.

"Tsaya, ɗana. An ce mini kai da ɗiyata kun wuni bisa hanya kuna faɗi-tashi da mutanen nan don a rufe shi Juma'a. Allah bai nufa ba, mi za mu ce? Shi kam ya so Juma'ar nan. Amma kun yi abin da ɗiyan cikinsa ba su yi ba. Allah shi saka maka da irin abin da ka yi mishi."

Matan da ke ɗakin suka amsa gaba ɗaya. Maigidana ya sunkuyar da kai, bakinsa ya motsa, ba abin da ya fito. Inna ta ɗago tana jiransa, domin addu'a ba a barinta a ƙasa. Ni na ce amin ɗin.