Azumin Laraba Pahing

Sumirah mai tuyar tempe, wato wainar waken soya, a kasuwar garin Klaten mace ce da ba a yi mata rufa-rufa. Ko mai aka gauraya mata, da hanci take ganewa. Da wannan hancin ta aurar da 'ya'ya, ta gina ɗaki, shi ya sa abin mijinta Kasdi ya tsaya mata a rai.

Kowa ya san azumin farar shinkafa da ruwa ranar weton ake yin sa, wato ranar haihuwar mutum, ko ta wani nasa da yake nema wa tsari. A can, ban da kwanakin mako bakwai akwai wasu kwanakin kasuwa biyar, irin su Legi, Wage da Pahing, ana haɗa biyun a samu ranar mutum. Ta Sumirah Litinin Legi ce, ta Kasdi Asabar Wage. To, tun rasuwar mahaifiyarta, duk Larabar da ta faɗo kan Pahing sai Kasdi ya ture miya, ya kunna turare, ya yi gum. Ta bi ranakun 'ya'ya da jikoki ɗaya bayan ɗaya, babu mai wannan rana. Kishi ya ci ta har ta rame.

Ɗansu Wiyono, malamin kimiyya, dariya ya yi wa uwar tasa. "Bu, kwanaki fa juyawar duniya ce kawai. Ki bar tsoho ya rage tumbi."

"Kai da juyawar duniyarka! Ubanka na yi wa wata azumi, kana karanta min boko."

Ta bi sawun Kasdi har masallaci, ta lalube aljihunsa, ta daina gaisawa da wata bazawara mai sayar da furanni. Ba ta samu komai ba, sai zargin ya ƙaru. Ai mai tsabta da yawa shi ne abin tsoro.

Wata Laraba ta dire masa cinyar kaza a kan shinkafar. "Pak, maigida, ko ka ci, ko ka faɗi sunanta."

Kasdi ya dubi kwanon, ya ce:

"Sunanta Sumirah. Kafin mahaifiyarki ta cika ta kira ni. Laraba Pahing ta haife ki. Da aka zo lissafin aurenmu, ranarki da tawa suka nuna ɗaya zai binne ɗaya da wuri. Ta ga kina so na, sai ta sauya miki rana."

Kunya da tsoro suka rufe Sumirah.

"Wa lissafin ya ce zai riga tafiya?"

Kasdi ya ɗauke kazar ya ajiye a gabanta, ya ci gaba da cin farar shinkafarsa.