Matar da Ta Kore Mu Daga Teku

Ƙarfe bakwai saura kwata tasi ke sauke Anti Koelsum Baderoen a kwanar titin da ya naɗe dutse, can saman gaɓar tamu. Sai ta taka zuwa wata 'yar rumfar katako wadda mutum biyu ba sa zama a cikinta sai gwiwa ta gogi gwiwa. Ta ajiye filas ɗin shayi, ta goge tabarau da gefen ɗankwali, ta rataya madubin hangen nesa a wuya, ta kunna rediyon oba-oba. Daga nan sai ta zuba wa ruwa ido. Bayan kamar minti goma za ta kira abokin aikinta na ƙasa, a bakin gaɓa, ta faɗa masa tutar da zai ɗaga. Koriya idan ruwa ya yi garau kuma babu komai, baƙa idan ya gurɓace ido ba ya ratsa shi. Idan kuwa ta hango farin kifin shak, ƙaton kifin nan mai cizon mutane, sai farar tuta da jiniya, kowa ya fito.

Aikin ke nan, awa biyar a zaune, shekara goma sha tara. Ƙarshen watan nan za ta sauko daga dutsen, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Sunana Berenice, ina koyar da iyo a wannan gaɓa, kuma gara in faɗa tun yanzu: a duk garin nan babu wanda ya zagi matar nan kamar ni.

A Simon's Town aka haife ta. Mahaifinta shi ne mai hange na masunta masu jan koma, wanda ke tsayawa a kan dutse yana nuna musu inda garken kifi ya nufa. Tana 'yar shekara shida gwamnatin wariyar launin fata ta kwashe su a bayan akori-kura ta zube su a unguwar Ocean View, nesa da gaɓa. Wannan yashin da take tsaro kuwa a lokacin na farar fata ne kaɗai. Saboda haka ta girma ba ta iya iyo ba, ko ƙwaurinta teku bai taɓa wucewa ba. Abin da ta gada daga mahaifinta shi ne ido.

Oom Dawie, wato Kawu Dawie, tsohon masuncin da ke gyaran koma a bakin gaɓa, ya taɓa hawa ya zauna da ita yini guda. Da ya sauko muka tambaye shi abin da ya gani.

"Ni? Ruwa na gani," in ji shi. "Na nuna mata inuwa sau bakwai, sau bakwai tana cewa ciyawar teku ce. Na ce Koelsum, yaya kike ganewa? Ta ce, Oom, ciyawa tana bin igiyar ruwa, shi kuwa mai haƙora yana tafiyar gabansa. Kuma duk yinin nan ko sau ɗaya ba ta kalli fuskata ba. Ni da nake da kyau haka."

Gaskiya ya faɗa, ban da zancen kyau. Anti ba ta kallon mai yi mata magana muddin tana bakin aiki. An taɓa kiran ta a waya aka ce 'yarta ta fara naƙuda, ta ce Allah ya sauke ta lafiya, ta ci gaba da kallon ruwa har mai karɓar ta ya iso. Azumi ya sha zuwa a tsakiyar zafin bazara, ta yi shi a rumfar nan, rana na dukan kwano, ba ta taɓa neman a rage mata awa ba.

Sai ga masu bincike sun zo da jirgin ruwansu, ƙarƙashin wani Dokta Lwazi Ndamase, mutum mai sanyin magana. Suka riƙa kama manyan kifayen suna maƙala musu na'ura biyu. Ɗaya a fiffiken baya, tana aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, sai ɗigo ya fito a taswirar da kowa ke iya buɗewa a wayarsa. Ɗayar kuma tana ƙyasta wata ƙara da kunne ba ya ji, wadda wasu tukwanen sauraro da aka kafa a ƙasan teku suke naɗewa. Su tukwanen sai bayan wata uku masu nutso ke ciro su a karanta.

A cikin kifayen akwai wata ƙatuwar mace, tsawonta ya haura mita huɗu. Masu bincike lamba suka ba ta, Anti kuwa ta raɗa mata Madam. Da aka tambaye ta dalili sai ta ce, "Ba ta gaisuwa, ba ta sallama, kuma da ta iso dole mu bar mata gaɓa. Ai mun saba."

Nan fa garin ya haukace da ɗigo. Mai sayar da kifi da dankali yana duba Madam kafin ya kunna wuta. Masu hawan igiyar ruwa da allo suna duba ta tun suna kan gado. Ni ma haka. Ba a jima ba aka fara cewa, tunda ga kifi a tafin hannu, me ake yi da tsohuwa a kan dutse? Ga shi a Disambar shekarar ta danna jiniya sau uku, kuma babu wanda ya ga komai sai ita. Kwamitin gaɓa ya ce zai zauna a watan Afrilu ya duba ko akwai sauran buƙatar rumfar. Anti ta san da maganar, kowa ma ya sani.

Ni kuwa ina da nawa abin da ya dame ni. Shekara biyu ina koyar da wasu mata goma sha huɗu daga unguwannin Retreat da Lavender Hill, waɗanda suka tsufa suna ganin teku ta tagar jirgin ƙasa. Babbarsu Ouma Trui, wato Kaka Trui, shekararta sittin da bakwai, ranar farko sai da na riƙe hannunta kafin ta yarda ruwa ya taɓa gwiwarta. Muka sa ranar wata Asabar a Janairu: za su yi iyo daga yashi zuwa wata gorar roba ruwan ɗorawa da ke daure can cikin ruwa, su kewaye ta su dawo. 'Ya'ya da jikoki suka zo da tukwanen shinkafar biryani, har da masu ganga.

Da safen na buɗe waya. Ɗigon Madam yana can wajen Gansbaai, tafiyar awa biyu a mota. Sauran masu na'ura ma duk sun yi nisa. Tuta koriya, ruwa kamar madubi. Ƙarfe tara muka shiga. Ina gaba, ina juyowa ina ƙirga huluna, goma sha huɗu cif. Gorar ta matso har ina iya ganin kashin tsuntsaye a kanta.

Sai jiniya.

Muka juyo. Matan suka fito suna haki, wasu na kuka, ba kukan tsoro ba, na takaici. Muka jira a sake buɗe ruwa, kafin nan iskar kudu ta taso, teku ya dagule, aka ɗaga baƙar tuta. Shi ke nan, ranar ta lalace. Ko tawul ban ɗauka ba na faɗa mota na hau dutsen.

"Anti, kin san abin da kika yi mini yau?"

Ba ta juyo ba. "Bernie, matsa gefe, kin tare mini wajen duwatsu."

"Madam tana Gansbaai. Ga ta nan a waya, duba."

"To ki gaishe ta. Wadda na gani ba ta riƙe da waya."

"Wa ya gan ta ban da ke? Sau huɗu ke nan. Idonki ya gaji, Anti, ki yarda kawai. Shekara biyu matan nan suna wahala, kin zo kin rusa da ɗan yatsa ɗaya."

Ta ɗaga madubin ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Zaginki zan iya ɗauka in kai gida, 'yar nan. Ƙafar Ouma Trui ce ba zan iya kai wa 'ya'yanta a leda ba. Sauka ki sa riga, sanyi zai kama ki."

Na sauko raina a ɓace. Da aka kawo takardar neman a rufe rumfar, sunana ne na uku. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma haka aka yi. Wata uku ana tsokanar ta a tasi, ana kiran ta Anti Jiniya, wasu na kwaikwayon ƙarar idan ta wuce. Ba ta taɓa tankawa ba, ba ta kuma fasa sauka a kwanar nan bakwai saura kwata ba.

Ranar zaman kwamiti Dokta Lwazi ya shigo da takarda ɗaya tak. A makon ne masu nutso suka ciro tukwanen sauraro. Ya ce akwai tukunya guda a ƙasan gorar nan ruwan ɗorawa, ya karanto abin da ta naɗa ranar Asabar ɗinmu: lambar Madam, ƙarfe tara da minti goma sha huɗu. Sai kuma da sha shida, sai da ashirin da ɗaya. Kewaya wurin take yi. Ya buɗe littafin da Anti ke rubuta aikinta, jiniya ta tashi tara da sha uku.

Wani ya ce, to ɗigon Gansbaai fa?

"Na kwana uku ne kafin ranar," in ji Dokta. "Na'urar fiffike ba ta magana sai fiffiken ya fito saman ruwa. Idan kifi ya yi tafiyarsa a ƙasa, ɗigo yana nan inda aka bar shi. Kwanan watan yana rubuce a ƙasan taswirar, da ƙananan baƙaƙe. Kuma kada ku manta, waɗanda muka maƙala wa na'ura ba su kai ɗaya cikin goma ba."

Ni dai huluna goma sha huɗu nake gani a idona, da jar hular Ouma Trui a can baya, ita ce mai jan ƙafa. Na fita waje na zauna a bakin titi. Ba a sake tayar da maganar rufe rumfa ba.

Ranar Lahadi na sayi koesister masu zafi, wani irin fanke da ake barbaɗa wa kwakwa, na hau dutsen. Na tsara jawabi tun daga gida, da na isa duk ya gudu, na ce, "Anti, ki yafe mini."

"Ajiye nan," ta ce, idonta na kan ruwa. Ta laluba ta ɗauki ɗaya ta gutsura. "Wa ya yi waɗannan? Ya yi rowar kwakwa." Can ta ce, "Bari in gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba. Inuwar nan sau ɗaya ta gifta, ta nutse. Na san idan na danna kuma ba a ga komai ba, aikina ya tafi, ga jikoki biyu a hannuna. Sai da yatsana ya tsaya."

"Har tsawon yaushe?"

"Daƙiƙa biyu, ko uku. Har yau ina neman gafarar Allah a kansu."

Anti Koelsum, mu wata uku muka yi muna cin mutuncinki, ke kuwa abin da ya tsaya miki a rai daƙiƙa biyu ne. Ke ce idon dutse, mai gadin da ba a sanin amfaninsa sai ranar da babu shi. Aikinki idan ya yi kyau babu abin da ke faruwa, kuma ba a yi wa mutum tafi don babu abin da ya faru. Ke ce kika tsare wa 'ya'yan wasu ruwan da aka hana ki shiga kina yarinya. Ko a shekarun baya-bayan nan da manyan kifayen suka yi ƙaranci, har Madam ta ɓace ba labari, ba ki taɓa kallon teku da rabin ido ba. Da kika fara ganin hazo a idonki na hagu kuma, ba wanda ya kama ki. Da ƙafarki kika je wurin likita, da bakinki kika ce wa shugabanninki lokaci ya yi.

Ku da kuke gadin wani abu, ko ɗakin majinyata ne ko mashigar jirgin ƙasa, ku dubi matar nan. Ranar da idonku ya ga abu, kowa kuma ya ce babu, ku danna. Mu kuma masu yawo da taswira a aljihu, mu riƙa karanta ƙananan baƙaƙe, mu riƙa ɗaga kai muna gaida na kan dutse.

Talatar da ta wuce ta zo mini darasin farko, da doguwar rigar iyo da ta aro wurin 'yarta. Ouma Trui, wadda ta kewaye gorar nan shekarar da ta biyo baya, ta zo musamman don ta yi mata dariya. Muka taka har bakin ruwa, sai Anti ta ja ta tsaya, ta juya ta kalli dutsen, hannu a goshi.

"Wa ke sama yau?"

"Sipho," na ce. "Wanda kika zauna da shi bazara uku."

Ta daɗe tana kallon rumfar, ta kalli koriyar tuta, sannan ta miƙo mini hannu.

"To shi ke nan," ta ce. "Mu shiga. Amma in ya danna, ko kina tsakiyar magana, fita za mu yi."

Mun gode, Anti. Shiga ruwanki, yau ke ake tsaro.