Kwabban Goggo Masu Huji

Shekarar da aka kawo naira ina koyarwa a firamare a Ƙanƙara. Ni ne ɗan bokon gidanmu, don haka ni aka ɗora wa kwabban Goggo.

Goggo ƙanwar mahaifina ce, daddawa take sayarwa a Mabai. Tsohon kwabo yana da huji a tsakiya, ita kuwa ba ta yarda da kuɗin da ba ya shiga igiya ba. Duk cinikin da ta yi sai ta zura shi a igiyar rama, ta ƙulle, ta jefa a tulu. Kuɗin sayen saniya take tarawa. Da aka yi shela cewa tsohon kuɗi zai daina karɓuwa, sai ta juye tulun a buhu ta ce, "Malam, kai ka jin yarensu. Kai mani banki a musanya."

Na shiga mota da buhun har Funtuwa. Ga wari, ga ƙara duk ramin da muka faɗa, har wani fasinja ya tambaya ko maƙeri ne ni. A banki akawu ya leƙa buhun ya toshe hanci. Ajinmu ɗaya da shi a kwaleji. Ya ce mini da Turanci in je in kwance su, in wanke, in dawo. Na ba shi amsa da Turancin da ya fi nasa kyau, na fito.

Ban koma ba. Na tura buhun ƙarƙashin gado, ina cewa sai an yi hutu. Kafin hutu ya zo wa'adi ya wuce.

Goggo ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "To, maido mani kayana."

Daga baya kuɗin fetur suka iso har kanmu, aka biya mu ariyas na ƙarin albashi, kowane malami ya tashi yin rufin kwano. Kafintoci suka gano cewa in aka sa tsohon kwabo ƙarƙashin kan ƙusa, ruwa ba ya bi. Kafintana ya je Mabai ya auni na Goggo da mudu, kamar gero. Abin da ya ba ta ya sayi akuya, ƙarama.

Ta zo ganin gidan. Ta tsaya a tsakar gida ta daɗe tana kallon rufin, kwabbanta jere a rana, layi-layi.

"Ya yi kyau, Malam. Ba ya yoyo ko?"

Na ce ba ya yi.