Lambar da Manolis Zai Sa

Duk ranar zaɓe, tun kafin a buɗe ƙofar makarantar firamaren da ake kaɗa ƙuri'a, za ka tarar da Glenys Noack a gindin itacen turare, sanye da rigar jam'iyya ruwan ɗorawa, hannunta cike da katin nan mai nuna wa mutum lambar da zai rubuta a gaban kowane suna, don a can ba dangwale ake yi ba, lambobi ake jerawa, ɗaya ga wanda ka fi so. Shekara ashirin da shida ke nan tana wannan tsayuwa, ba wanda ya taɓa biyanta ko kuɗin shayi.

Ainihin aikinta tantance lemu ne a rumfar tattara kaya da ke bakin kogin Murray. Ubanta ɗan wata babbar jam'iyya ne, mijinta Des ɗan ɗayar, kuma duk Lahadi sai sun yi kaca-kaca a kan tebur har naman ya huce. Da ta gaji, sai ta tattara ta shiga ƙaramar jam'iyyar tsakiya, wadda ba ta taɓa jin ƙamshin mulki ba. 'Yan sanatoci ne kawai gare su, amma idan manyan suka yi kunnen doki, su ake lallashi. Glenys kuwa baki gare ta kamar rediyo. Gida-gida take bi tana cewa, "Namu ba sa sayar da mutum, ni na tsaya musu." Mutane suka yarda, don ba a taɓa kama ta da ƙarya ba.

Cikin waɗanda suka yarda har da Manolis, tsohon manomin lemu da ya zo daga Girka tun yana saurayi. Turancin baki yana da shi, na takarda ne bai zauna masa ba. Kowane zaɓe sai ya karɓi katinta ya ce, "Abin da kika ce, Glen," ya shiga ya kwafe lambobin tsaf.

Sai aka kawo dokar rage wa ƙananan manoma ruwan ban-ruwa. Jam'iyyarta ta rantse ba za ta sa hannu ba. Aka yi mako uku ana ƙus-ƙus a babban birni, aka ba su shugabancin wani kwamiti da gyaran layi biyu a cikin dokar, sai ga sanatocin nata sun ɗaga hannu. Da ƙuri'unsu dokar ta wuce! A bazarar nan Manolis ya kira mai katafila ya tumɓuke rabin itatuwansa, waɗanda ya dasa da hannunsa shekarar da aka haifi 'yarsa ta fari.

Da suka haɗu a kanti ya ce, "Kin ga abin da manyan ɓarayin nan suka yi mini? Da naku ne da rinjaye, ai da ba a yi haka ba." Glenys ta kauce wa zancen, ta ce masa burodi ya yi tsada. Abin kunyar da ta yi ke nan, kuma shekara biyu tana ɗauke da shi. In ta hango motarsa sai ta sauya hanya.

Da zaɓe ya sake zagayowa, aka buga mata waya daga ofishin jam'iyya, wai ba su da kowa a garin sai ita. Ta ce to. Ita kanta ba ta san dalili ba, sabo ne kawai da nauyin baki.

Wajen ƙarfe goma, hayaƙin naman da iyayen yara ke gasawa suna sayarwa cikin burodi ya cika harabar, sai ga Manolis yana dogara sanda. Idonsa ya yi rauni sosai a bana.

"Glen! Ɓuya kike yi mini, ko tsufa ne ya hana ki gani kamar ni?"

"Haba Manny, wane irin ɓuya."

"To zo ki rubuta mini. Takardar ta koma hazo."

Doka ta yarda wanda ba ya gani ya zaɓi mai rubuta masa, amma ba a shiga da alamar jam'iyya. Ta ɗora rigar sanyi ta ɓalle maɓallan har wuya, ma'aikaciyar zaɓe ta ba su izini, suka tsaya su biyu a ɗan akurkin kwalin da ake shiga a cike takardar zaɓe. Ta shimfiɗa doguwar farar takardar sanatoci, ta ɗauki fensir.

"Sa wa naku ɗaya, yadda aka saba," in ji shi. "Su kaɗai suka tsaya mana."

Fensirin ya tsaya a kan gurbin da ke gaban sunan jam'iyyarta. Ba wanda zai sani. Lamba ɗaya ce, ta ja ta su fita, ya tafi gida da farin cikinsa. Amma kunya ta hana ta.

"Manny," ta ce can ƙasa-ƙasa, "ba su tsaya ba. Da ƙuri'unsu aka rage maka ruwa."

"Wa ya ce?"

"Ni na ce. Tun ranar na sani. Da muka haɗu a kanti ma na sani."

 Tsohon bai yi faɗa ba, kuma wallahi da faɗan ya yi da ya fi mata sauƙi. Cewa kawai ya yi ta karanta masa sunayen. Ta karanta ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin lamba tana rubutawa, har shida. Da ta zo kan jam'iyyarta ya ce, "Wuce."

Tana naɗe takardar ya riƙe mata hannu.

"Ke fa? Kin yi naki?"

"Tun da safe."

"Lamba nawa kika ba naku?"

"Ban ba su komai ba."

Ya juyo da idanun nan nasa da ba sa gani sosai, ya dube ta. "Ke ba ki zaɓe su ba. To mene ne kike miƙa wa mutane a ƙofa tun safe, Glen? 'Yata ma ta karɓa a hannunki ɗazu. Ta ce in dai ke ce, ba sai ta karanta ba."

 Manolis ya karɓi takardarsa, ya lalubi bakin akwatin zaɓe da yatsa ya jefa da kansa. Da ta kai hannu za ta kama shi su sauka matakala, sai ya ce ta bar shi, zai iya.