Ranar Da Na Rufe Bakin Matan Zango

Ku yaran gareji na yanzu, kun zo kun tarar da ni a inuwa ina faɗa, kuna zaton haka na tashi. To ku saurara. Har in koma ga Allah ba zan manta ranar da na rufe bakin matan Zango ba.

Lokacin an fara shari'ar Musulunci, aka ce mata su riƙa shiga motarsu daban. Garejinmu na nan Daura, na Alhaji Sale, tsofaffin bas yake saye a sake musu jiki da kujeru. Ni ɗinkin kujeru ne aikina. Sai ƙungiyar matan Zango ta ba mu aikin mota guda, wadda za ta riƙa kawo masu ciki asibiti. Sharaɗinsu, ban da ƙara, ban da jijjiga. In ta faɗi gwaji, su kai aikinsu Katsina.

Alhaji ya ɗauko Injiniya Mu'azu, wanda ya taɓa aiki inda ake haɗa motoci. Na'ura biyu ya kawo. Ɗaya kamar rediyo mai allura, ita ke jin ƙara. In allurar ta shiga ja, mota ta faɗi. Ɗayar ɗan ƙarfe ne mai waya, a manna shi ƙarƙashin kujera ya nuna lambar jijjiga. Kuma ba a gwada mota wayam, sai da masu hawanta, a hanyar da za ta bi. To namiji ba ya zama tsakiyar matan mutane. Ni kuwa ban daɗe da gama ajin yaƙi da jahilci ba, da furfurata.

Injiniya ya ce, "Iya Kande, kina karanta lamba?"

Na ce, "Da ka ga ina zuwa makaranta, gyaɗa nake kaiwa talla?"

Ya yi dariya, ya zaunar da ni ya koya min, bai ƙosa ba.

Ranar gwaji muka cika mota, Injiniya a gaba gefen direba, ni a baya da na'urori. Allura ta shiga ja ta yi zamanta. Da muka dawo Alhaji ya ce, "Iya, mota cike da mata, ina allura za ta kwanta? Surutunku ta ji. Ki ce mota ta ci kawai."

Gaskiya an yi surutu. Na ce, "Alhaji, ja na gani, ja zan faɗa. In bakinmu ne, a sake." Injiniya ya ce a sake, amma da sharaɗin kowa ta yi shiru.

Nan aikin yake. Shugabar ƙungiya, Hajiya Tabawa, ta girme ni, kuma ba ta wuce mutum ba gaisuwa. Na ce, "Yaya, daga nan har Zango, kowa kika gani hannu za ki ɗaga masa."

Ta ce, "Kande, yaushe aka naɗa ki alƙali?"

Na ce, "Ɗazu da hantsi."

Muna tafe wata ta fara, "Wai kun ji..." Na zare mata ido, ta haɗiye. Can mota ta rage gudu a wani rami, sai ga surukin Hajiya tsaye a bakin hanya, ido cikin ido. Bakinta ya buɗe. Na dafe mata gwiwa. Muka wuce tsohon nan shiru.

Allura dai tana ja. Kuma da bakuna suka mutu, dukanmu muka ji wani ƙwanƙwasa daga ƙasa. Na bi kujeru da ɗan ƙarfen nan, lamba ta fi hawa a ta baya, inda mai naƙuda za ta kwanta. Injiniya ya shiga ƙarƙashi, ya tarar robar da ke riƙe farfela, dogon ƙarfen da ke juya tayoyin baya, ta cinye. Aka sayo sabuwa a shagon Oga Emeka mai kayan mota. Alhaji ya kwana biyu yana amsa gaisuwata da hanci, amma da aka sake gwaji allura ta kwanta lafiya, matan Zango suka karɓi motarsu.

Abin da na koya, na'ura ba ta san Alhaji ba, ba ta san Hajiya ba, amma ba ta da baki. Wanda ya riƙe ta shi ke magana, to ku faɗi abin da ta nuna, ko mai gida zai ɗaure fuska. Surukin Hajiya kuwa, ni na je har zaurensa na durƙusa na ba shi haƙuri. Jikarsa ce ta fara kwanciya a kujerar nan ta baya.