Saniyata da kiriyon jandarma

Ku matso kusa, ku ba ni kunnuwanku.

Shekarun baya saniyata ja ta ɓata a Sukukutane. Ita kaɗai maigidana ya bar mini. Bayan wata biyu ɗana ya gan ta a kasuwar Dogon Dutsi hannun wani falke, falken ya rantse tasa ce tun tana maraƙa. Aka kai mu wurin jandarma, aka ɗaure saniyar bayan gini inda ba ma ganinta.

Babbansu ya miƙa mana, ni da falken, takarda da kiriyon, wato fensir. Ya ce, "Kowa ya zana shaidar da ke jikinta. Wanda ya kuskure ya rasa ta."

Na dubi jandarman. Na ce, "Ɗana, ban yi lekol ba, ban san boko ba."

Ya ce, "Inna, ban ce ki rubuta ba. Rubutu sai an koya. Zane kuwa, abin da idonki ya gani ne za ki sa hannunki ya nuna mini."

Na damƙi kiriyon kamar muciya. Dannawar farko bakinsa ya karye. Falken ya ce, "Tsohuwa, tuwo za ki tuƙa?" Jandarman ya fiƙe mini da reza, bai yi dariya ba.

Kafin in fara, falken ya gama. Ya zana tambarin cinyarta tsaf, wanda duk kasuwa ta gani. Ni kuwa tawa saniyar ta fito kamar gado mai ƙaho. Sai na tuna lalas ɗin da maigidana ya yi mata tana ƙarama, da ƙafarta ta kumbura. Layi biyu gicciye, can ciki kusa da hantsa. Na ja su.

Jandarman ya kwashi takardun ya fita. Muka zauna, ba mai kallon wani. Da ya dawo, gwiwoyin wandonsa duk ƙasa. Ya dubi falken ya ce, "Faɗa mini wanda ya sayar maka."

Falken, ashe a hanya ya saye ta. Ya bar harkar shanu ya koma sayar da wake. Ɓarawon ba a kama shi ba. Jandarman an canza masa gari. Ɗana yanzu shi ke da furfura. Saniyar kuwa ta haifa mini huɗu, ta mutu da tsufa a ƙofar ɗakina.