Irin da Ban Kawo Wa Mama Ba

Shekarun da na yi haya a unguwar Iku ta Suleja, kullum sai na bi motar Abuja zuwa wani ɗakin gwaji inda ake sauya ƙwayoyin halittar wake don ya jure fari da ƙasa mai gishiri. Ni ba masani ba ne. Aikina kula da tukwanen shuka: wasu in ba su ruwan gishiri, wasu in hana su ruwa kwana da kwanaki, in auna ganye in rubuta.

Mai gidanmu tsohuwa ce haifaffiyar wajen, kowa Mama yake ce mata. Gidajen haya sun cinye gonakin danginta, sai wata 'yar gona da ta rage mata a bayan gida, nan take shuka wake. Bakina ne ya jawo. Wata Asabar ina taya ta tsintar wake, na ba ta labarin wata tukunya da ta yi mako uku ba ruwa, ganyenta bai ko yi yaushi ba. Ta yi dariya, ta ce yaran yanzu akwai ƙarin gishiri a zance.

A daminar da ta biyo baya, waken Mama na tsirowa ruwa ya ɗauke. Hadari ya haɗu ya watse, ya sake haɗuwa ya watse, har tsiron ya ƙone. Wata safiya zan fita na tarar da ita tsaye a ƙofar ɗakina da ƙaramin kwano.

Ta ce, "Ɗana, waken nan naku da ba ya jin ƙishi. Ko cikin tafin hannu ne ka kawo mini, in sake shuka."

"Mama, ba a fita da shi. Ba a gama gwaji ba."

"Ai gonata ma gwaji ce. Wa zai sani?"

Na ce zan tambaya.

Na kuwa tambayi shugabarmu ta wurin aiki. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce jure ƙishi a tukunya daban, yin 'ya'ya a gona daban, kuma har yanzu ba a tabbatar da lafiyar cinsa ba. Sannan ta ce, "In ta shuka ya ƙi, ko ya haɗu da na maƙwabta, me za ka ce mata?" Na san gaskiya ta faɗa, amma hakan bai sa na ji sauƙi ba. Da la'asar ina zuba iri a ambulan, hannuna ya daɗe a kan aljihun rigata. Ban ɗauka ba. Har yau ban san ko amana ce ta hana ni ko tsoron kora.

Mama ta sayo iri a babbar kasuwar Suleja ta sake shuka. Lokaci ya riga ya ƙure, ruwa kuma ya yanke da wuri, furen ya zube. Harawa kawai ta samu ta ba awakinta. A makon ne mu kuma muka girbe namu, muka auna, muka ware na ajiya, aka ba ni ragowar in ƙone kamar yadda doka ta ce. Wake ne manya, farare tas. Na tsaya a kansa har ya zama toka, na kasa cin abincin rana.

Ba ta taɓa yi mini gori ba. Gaisuwarmu dai ta gajarce. Da damina ta zagayo ba ta shuka komai ba, ta bar wa masu buga bulo gonar.

Ranar da zan tashi daga gidan na je sallama, ta tambaye ni ko an gama gwajin. Na ce da saura.

Ta gyaɗa kai. "To, Allah Ya sa masu gona su gani. Ka gaida mutanen gida."